Sandunan Sarki Jatau

A zamanin da, tun ana ciniki da wuri, an yi wani Sarki ana ce masa Jatau. Ya gaji wata al'ada daga kakanninsa: duk wanda ya mutu a ƙasarsa ba shi da mai yi masa sutura, baƙo ne ko ɗan gari, fada ce ke ba da likkafaninsa. Da wannan ake yi wa ƙasar kirari har a garuruwan da ba su san sunan Sarkinta ba.

Wata shekara ciwo ya shigo gari, mutuwa ta yi yawa, farin ƙyalle ya ƙare a gidan Liman. Aka shiga naɗe marasa galihu cikin tabarma. Ba wanda ya gaya wa Sarki, don fadawa ba su cika son kai labarin da ba a ba da tukuici a kansa ba.

Ran nan da hantsi, fada ta cika, Sarki ya ɗaga kai, sai ya ga wani mutum tsaye a bakin zaure, naɗe cikin tsohuwar tabarma, ƙasa a gashin kansa. Bai faɗi ya yi gaisuwa ba. Sarki ya ce a tambaye shi abin da ke tafe da shi. Dogarai suka dubi bakin zaure, suka dubi juna, ba su ga kowa ba. Kashegari mutumin ya dawo, ya ɗan matso. Kullum sai ya ɗan matso. Tsoro ya kama Sarki, abinci ya gagare shi.

Ya tara malamai, ya gaya musu abin da yake gani. Suka ce, "Allah ya ba ka nasara, wanda ya tafi ba ya dawowa. Amma a bincika, ko akwai wanda aka binne da hakkinsa a wuyan fada." Nan Liman ya sunkuyar da kai, ya faɗi zancen tabarma.

Sarki ya sa aka kira Ma'aji Nomau, tsohon da ke riƙe da taska tun zamanin mahaifinsa, ya ce a sayo ƙyalle yau. Ma'aji ya ce, "Ranka ya daɗe, taska ta kusa ƙasa. Ban ci ba, ban ba ɗana ba. Duk wanda ya zo mini da sanda na ba shi."

Sandar kuwa ga yadda take. Kowane gida na fada, da na Shamaki mai kula da dawaki, da na Sarkin Dogarai, da cikin gida wajen mata, da gidan Liman, yana da nasa mai zuwa kasuwa, kowanne da sanda mai kan tagulla, wadda aka gada tun zamanin kakan Sarki. Mai sanda ba a tambayarsa a taska. A kasuwa kuma ba ya yarda a fi shi tayi, don a ganinsu in sanda ta ja da baya, Sarki ne ya ja da baya.

Mai jin tsoro ba ya sauraren bayani, mai laifi yake nema. Sarki ya ce a kai Ma'aji gidan yari, in ba a gano inda dukiya ta shiga ba a sare shi.

Waziri Mantau ya faɗi ya ce, "Zaki, tsoho ne, gidan yari kuwa cike yake da masu ciwo. A bar shi a hannuna."

Sarki ya ce, "Kawo mini ɓarawon, ka ɗauki tsohonka."

Waziri ya san ɓarawon. Ya kuma san in ya faɗa da baki, za a ce ya zagi sandar kakan Sarki. Sai ya ce, "Ɓarawon ba ya fitowa sai ran kasuwa, kuma ba wanda zai iya kama shi sai kai da kanka." Dabara ce mai kyau, sai dai tana bukatar jira, kuma a gidan yari Ma'aji zai yi jiran.

Ran kasuwa suka ɓad da kama, suka ja rawani har ido kamar fataken arewa. Waziri ya ɗauko turmi ɗaya na farin ƙyalle daga ɗakin Sarki, ya shimfiɗa a rumfa, ya ce, "Zauna a bayansa. Kada ka ce komai."

Bawan Shamaki ne ya fara zuwa, yana son abin shimfiɗa ƙarƙashin sirdi. Ya kafa sanda, ya taya. Tayin ma ya isa a sallama. Kafin ya rufe baki na Sarkin Dogarai ya iso, rawuna yake nema, ya kafa tasa, ya ƙara. Jakadiyar cikin gida ta ratso, ta ce, "Wa ke taya abin da na sa wa ido?" Ta ƙara. Na Shamaki ya ce sandar Sarki ba ta komawa, ya ƙara. Na dogarai ya ce tasa ma ai ta Sarki ce. Haka suka yi ta hawa, jijiyar wuya a tashe, har turmin nan ya kai kuɗin doki, mai kaya ko albarka bai ce ba. 'Yan rumfar kusa ko kallo ba su yi, sun saba.

Waziri ya raɗa wa Sarki, "Daga taska ɗaya duk suka ɗebo. Ga ɓarawonka nan, kai ne kake fin kanka tayi."

Sarki kuwa idonsa na kan wani dattijo da ke tsaye a gefe, ladanin Liman, riƙe da sandarsa da 'yar jaka wadda ba ta cika ba. Ya taya sau ɗaya tun farko aka wuce shi. A bayansa kuwa mutumin tabarma na tsaye, kusa ƙwarai, har Sarki na jin ƙanshin danyar ƙasa.

Ladan ya ce, "Ku taimake ni da kamu kaɗan. Gawa na baro a kan makara."

Jakadiya ta ce, "Kullum gawa gare ka, baba."

Sarki ya manta da sharaɗin Waziri, ya ce, "Gawar wa?"

Ladan ya ce, "Ma'aji Nomau. Zazzaɓin gidan yari ya kama shi, ɗazu ya cika. An je gidansa neman abin sutura, ba a sami ko kamu ɗaya ba."

Sarki ya kwance rawani. Masu sanduna suka zube ƙasa. Ya naɗe turmin da hannunsa, ya saɓa a kafaɗa, ya bi ladan da ƙafa, Waziri na biye yana kuka, don ya san kwanakin da ya ci yana shirya dabara su ne suka ci tsohon. Sarki da kansa ya riƙe ƙyallen aka yanka, shi ya shiga kabari ya karɓi gawar. A bakin kabarin ya ce wa jama'a, "Ku shaida, Nomau bai ci komai ba. Ni na zalunce shi."

Da aka koma fada ya sa aka tattaro sandunan nan, aka ƙone su, aka bar ɗaya. Ya yi doka: kowane gida ya faɗi bukatarsa gaban Waziri, a haɗa, mutum ɗaya ya je ya saya wa fada duka a dunƙule. Kowane turmi kuma aka sayo, a fara yanke rabon gidan Liman kafin doki ko dogari ya gani. Fatake suka yi gunaguni, sa'an nan suka shiga rige-rigen rage wa fada, kowa na so a sayi nasa. Taska ta farfaɗo, ba a sake naɗe kowa cikin tabarma ba. Iyalin Nomau kuwa Sarki ya ɗauki nauyinsu.

Mutumin tabarma ya riƙa ja da baya, har wata rana Sarki ya duba bakin zaure bai gan shi ba.

Amma a dama da karaga akwai buzun da Ma'aji ke zama a kai. Sarki ya hana a ɗauke shi, ya hana kowa zama. Masu ba da labarin nan sun ce har ya tsufa, in aka kawo masa wanda ake tuhuma, sai ya juya ya dubi buzun tukuna. Wata rana Waziri ya yi ƙarfin hali ya tambaye shi abin da yake gani.

Sarki ya ce, "Yana nan zaune cikin farin da na ba shi. Bai taɓa ce mini komai ba, Waziri. Da ma zai zage ni."

Iyakar abin da ya iso gare mu ke nan. Allah ya sa mu saurara kafin mu yanke.