Farfesan da Ya Sha Tsintsiya

Jama'ar wannan shafi, ku matso. Duk kwarin nan babu wanda ya san tarihin wasan kwaikwayo kamar ni Lojze. Littafin Farfesa mai shafi ɗari shida, na karance shi tas. To, hotunan dai. Guda goma sha ɗaya ne, na ƙirga. Kun san a aji shida na yi sallama da makaranta. Amma labarin yana bakina.

Akwai wani malami da aka yi, Severin Podlogar. A Ljubljana, babban birninmu, yake koyar da tarihin adabi da na wasan kwaikwayo. Ɗan siriri ne mai tabarau, idan iska ta taso sai ka ji tausayinsa.

A 1974 ya hawo ƙauyenmu saboda wasan da muke yi a rumfar ciyawa duk shekara idan ƙanƙara ta narke. Ya cire hula ya ce, "Don Allah ina littafin wasan yake?"

Aka fashe da dariya. Wane littafi? Mu kowane gida da nasa rabon. Gidan da ke fitowa a maƙeri, takardar maganar maƙeri kaɗai gare su, tana cikin akwatin tsohuwarsu. Uba ya mutu, ɗa ya ɗauka. Kuma ba a nuna wa maƙwabci, balle baƙo mai takalmin birni.

Bawan Allah bai yi fushi ba. Ya tuɓe kwat, ya shiga yankan ciyawa. Gida ashirin da uku ke da rabo. Ya yi wa wannan aiki, a ɗauko masa takarda ya kwafa, ya wuce na gaba. Hannunsa ya yi kanta, an ɗura masa potica, kek ɗinmu na gargajiya, har wando ya daina rufuwa. Gida ɗaya kaɗai ya hana shi: gidan Bizjak.

A wasan akwai wurin da kowa ke jira. Wakilin mai ƙasa zai shigo ya kora talakawa aikin dole, sai matar manomi ta ɗauki tsintsiya ta yi ta jibgarsa har waje. Kuma dukan gaske ake yi. Matar manomi rabon gidan su gwaggona Pepca ne. Wakili kuwa na gidan Bizjak.

To ɗan gidan, Drago Bizjak, ya zama sakataren al'adu na gunduma. Tun da ya samu kujera ya turo wa ɗan baffansa rabon, shi kuma yana zama a bencin gaba. Sai ya lura idan tsintsiya ta fara sauka, mutane ba wakili suke kallo ba, shi suke kallo.

Ya kira Farfesa ofis, ya tura masa takarda.

"Kwamared Farfesa, sa hannu kawai za ka yi. Ka ce wurin tsintsiyar nan sabo ne, maƙiyan hukuma suka cusa shi bayan yaƙin duniya na biyu. Mu cire shi, kowa ya huta."

"Ba sabo ba ne."

"Wa ya tambaye ka ko sabo ne? Cewa na yi ka sa hannu."

"Ni aikina ke nan, in faɗi abin da ya tsufa da wanda bai tsufa ba. Idan na yi ƙarya a nan, me kuma ya rage mini?"

Drago ya yi murmushi. "Littafinka yana wurin masu ɗab'i, ko? Kuma na ji ana son kujerarka a birni. Ranar Lahadi akwai taro, kai za ka yi wa jama'a bayani. Ka yi tunani."

Farfesa ya mayar da murfin alƙalami ya fita.

Matsalar ita ce ba shi da hujja. Takardar gidan su Pepca an sake kwafe ta kwanan baya, tsohuwar ɓera ya ci. Ta wakili ce kaɗai ta asali, ita kuma tana akwatin Inna Rozalija, uwar Drago. Ɗanta ya riga ya gargaɗe ta.

Dama mako biyu ke nan Farfesa yana zuwa yana fasa mata itace, tana zuba masa miya, ba ta ce masa uffan a kan takarda ba. Ranar ya zo ya ɗauki gatari kamar kullum.

Ta leƙo ta taga. "Ɗan nan, ka bar itacen nan, na shekara biyu ka tara. Na san abin da kake fasa wa."

"Inna, ba zan ɓoye miki ba. Drago ya ce in shaida cewa dukan wakili sabon abu ne."

Tsohuwa ta ajiye ludayi. "Sabo? Drago ne ya ce sabo?"

"Shi."

"Shekara talatin ina gasa wa ubansa baya da ruwan zafi duk bazara, shi ne sabo? Shigo!"

Ranar Lahadi bayan an fito coci, ɗakin taron 'yan kwana-kwana ya cika maƙil. Drago ya miƙe ya gyara wuyan riga. "Ga masani daga birni. Zai gaya muku gaskiyar wannan wasa."

Farfesa ya tashi. Ya fito da takardar da Inna Rozalija ta ba shi, wadda ta yi ja don tsufa, ya juya bayanta. Ai a gidan Bizjak duk wanda ya sha tsintsiyarsa ta farko, sai ya rubuta sunansa da shekara a bayan takardar.

"Jernej Bizjak, 1791. Urban Bizjak, 1823. Blaž Bizjak, 1858."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya zo dab da ƙasa.

"Drago Bizjak, 1950." Ya ɗaga kai. "Kwamared, wanne daga cikinsu ne maƙiyin hukuma? In sani, don in rubuta daidai."

Gwaggo Pepca ta ɗaga murya daga baya. "Drago, uwata ce ta dake ka a shekarar! Ta ce tun a bugu na biyu ka fara kiran Inna!"

Dariya har tagogi na motsi. Drago ya yi jawur kamar tumatir. Ya buga tebur.

"To ku yi wasanku! Amma wakili rabon gidanmu ne, kuma daga yau babu Bizjak ɗin da zai sake sa rigar. Ɗan baffana ma na hana. In ga wanda za ku daka!"

Ba a taɓa ɗaukar rabon wani gida ba. Babu wakili, babu wasa.

Sai ga sandar Inna Rozalija tana ƙwanƙwasa daɓe. "Wa ya ba ka gida? Ina raye. Wannan mai tabarau ya fasa mini itace, ya ci daga tukunyata mako biyu. Kai rabonka da tukunyata tun Kirsimeti. Ɗan gida ne. Severin, za ka iya?"

Farfesa ya kalli damatsan Pepca. "Zan iya, Inna."

Drago ya nuna shi da yatsa. "Ka san abin da ka jawo wa kanka?"

"Na sani. Tsintsiya da kai. Tsintsiyar na fi tsoro."

Da ƙanƙara ta narke ya sa rigar wakili, hannun rigar har gwiwa. Pepca ba ta raga masa ba ko kaɗan, ta ce raga masa raini ne. Ya fita rumfa da gudu ana ihu. Da yamma ya zauna a karkace, ya rubuta sunansa a ƙarƙashin na Drago da ɗan baffansa.

Kada in yi muku daɗin baki, ya biya. An cire shi daga koyarwa, aka tura shi ɗakin ƙasa yana jera tsofaffin takardun sanarwar wasanni. Littafinsa sai bayan shekara goma sha bakwai ya fito. Sau biyu aka sake kawo masa takardar nan, sau biyu ya mayar da murfin alƙalami. Duk bazara kuma sai ya hawo ya sha tsintsiyarsa. Wasanmu bai taɓa fashi ba.

Ranar dukan farko kuwa, ni na fara tafi. Na hau kan benci na ce, "Jama'a, wannan shi ne namiji!" Sai kowa ya biyo ni.

Yanzu na karanta wa Gwaggo Pepca wannan kafin in sa muku. Ta cire na'urar ji daga kunnenta ta duba, ta mayar.

"Kai Lojze, wane benci? Watanka takwas, haƙori ɗaya gare ka. A kwandon dankali uwarka ta ajiye ka, ka jiƙa mana ciyawar rumfa."

Darasi: Idan an ba ka alƙalami ka sa hannu a kan ƙarya, ka rufe shi ko da kujerarka za ta tafi. Kujera wani zai hau, amma sunanka kai kaɗai za ka kwana da shi. Ku tura wa duk wanda ake matsa wa ya faɗi abin da ya san ba haka ba ne. Zancen kwandon dankali kuma ya tsaya a nan.