Minti Ɗayan Baba Nomau

Ku gyara zama, kai kuma rage muryar rediyon nan. Tun ɗazu nake jin ku kuna ta gardama a kan shirun da ake yi wa mamata a filin ƙwallo, wannan ya ce ya yi yawa, wancan ya ce bai yi ba. To ga shari'a na kawo muku, ku yanke ta in kun isa.

A garin Tudun Marke akwai wata tsohuwa, Inna Tasalla, wadda katangar gidanta ita ce katangar filin ƙwallon garin. Shekara talatin da ɗaya tana gidan nan ba ta taɓa taka cikin filin ba, amma ba wanda ya fi ta sanin abin da ke gudana a ciki, don da kunne take kallo. In an ci ta sani. In an ɓarar da fenariti ta sani. In alƙalin wasa ya yi son kai, kafin a tashi ta ji tarihin danginsa kaf daga bakin 'yan kallo.

Mijinta, Baba Nomau, shi ne mai zana layin filin. Ba ruwansa da fenti, da toka yake yi. Ranar wasa da sassafe zai bi gidaje da buhu, mata su kwashe masa tokar murhu, ya tankaɗe ta, ya zuba a wani tsohon gwangwani da ya huhhuda wa gindi da ƙusa. Sai ya ja igiya, ya bi ta yana buga gwangwanin da ɗan guntun itace, ƙwas, ƙwas, ƙwas, toka na zuba a miƙe. Tasalla takan ji wannan sauti ta bayan katanga tana wanke-wanke, amma da safe kawai, lokacin da fili ba kowa. Har garuruwan maƙwabta aron Nomau suke yi in suna da babban wasa, saboda haka ba mai ƙwallo a yankin da bai san gwangwanin nan ba.

Shirun farko da aka yi a filin, na golan ƙungiyar garin ne da ruwa ya ci a wata damina. Ranar nan mutum wajen dubu uku suka tsaya cak, kowa na addu'a a ransa. Nomau ya dawo gida idonsa jawur, ya zauna bai taɓa tuwonsa ba, ya ce, “Tasalla, in ta Allah ta kasance a kaina, wannan kaɗai nake so. Minti ɗaya, amma na gaskiya.”

To, kun san halinmu. Abu in ya yi kyau sai mun yi ta yi har mun kashe shi. Wata na gaba aka yi wa tsohon koci, wannan daidai ne. Daga nan sai surukin shugaban ƙungiya. Sai kawun wani mai kuɗi da bai taɓa sanin ƙwallo zagaye take ba. Wanda aka yi wa nasa ya ji daɗi, wanda ba a yi wa ba ya yi fushi ya daina gaisuwa. Kafin shekara shida, kowane wasa sai an karanta suna goma, sha biyar, da lasifika, da kirari, da lissafin gidajen da mamaci ya gina. Minti ɗaya ya koma rubu'in awa. Mutane kuwa suka mai da shi lokacin sayen rake da gyaɗa, wasu na amsa waya, wasu na neman wurin zama. Tasalla tana ji ta bayan katanga, ana cewa a yi shiru, amma hayaniyar ta fi ta lokacin wasa. Nomau ya daina maganar ma gaba ɗaya.

Da abin ya ishi kowa, sai hukumar gasa ta hana. Ta ce ƙarfe huɗu daidai a take wasa, ƙungiyar da ta jinkirta don wani mamaci a kwashe mata maki uku. Mako uku da kafa wannan doka, Baba Nomau ya kwanta zazzaɓi na kwana biyu, ya cika.

Cikin masu zuwa ta'aziyya akwai mutum uku da suka taso a hannunsa tun suna tsince masa duwatsu a fili. Akwai Sagiru, sakataren ƙungiya. Akwai Ɗanliti, kyaftin. Akwai Labaran, mai riƙe da lasifika. Bayan sadakar bakwai suka dawo su uku suka durƙusa a ƙofar ɗakinta. Tana takaba, don haka ta bayan labule ta yi musu magana. Ta gaya musu abin da Nomau ya roƙa, ta ce ta san an hana, ta kuma san ko ba a hana ba filin nan ya manta yadda ake shiru. Ta ce ba ta ɗora wa kowa nauyi ba, ta faɗa ne don kada ta mutu da saƙon a cikinta. Suka sunkuyar da kai. Wasan da ya rage musu ɗaya ne tak, na ƙarshen kaka, ranar Asabar, kuma in suka rasa maki uku ƙungiyar ta faɗa rukunin ƙasa. Suka yi mata sallama ba wanda ya yi alkawarin komai, ita ma ba ta sa rai ba.

Sagiru dai shi ne mutumin da ya rubuta wa hukuma takardar da ta jawo hanin nan, da hannunsa, kuma ya sha zagi a kanta har wasu suka daina amsa sallamarsa. Shi ne ya shiga mota ya tafi birni wurin hukuma ya roƙi a ɗaga dokar da shi ya nema. Ranar farko suka bar shi a benci har aka tashi aiki. Rana ta biyu suka ciro takardarsa suka karanta masa ita a gaban mutane, suna dariya suna tambayarsa ko wani Sagirun ne daban ya sa hannu. Ya haɗiye. Ya ba su labarin toka da gwangwani da shekara talatin. Daga ƙarshe suka ce sun ba shi minti ɗaya da agogon alƙalin wasa, abin da za su yi a ciki ruwansu, amma in ya wuce ko da daƙiƙa ɗaya, maki uku sun tafi, shi kuma an kore shi daga harkar ƙwallo har abada. Ya sa hannu. Ya dawo gari ana nuna shi da baki, ana cewa ga mai magana biyu, ya hana namu ya buɗe wa nasa.

Ɗanliti kuwa wasan nan shi ne na ƙarshe a rayuwarsa, don gwiwa ta gaji, ya riga ya sanar zai rataye takalmi. Shekara goma sha huɗu yana jiran ranar da za a tafa masa a yi masa rakiya. Shi ya zauna ya yi tunanin cewa izini daban, shiru daban, kuma mutanen nan ba za su yi shiru don an ce su yi ba. Asabar da sassafe ya aika matarsa ta karɓo gwangwani da igiya wurin Inna, ya saɓa buhu ya bi gida-gida neman toka, ƙato da shi, mata na leƙowa suna ƙunshe dariya. Ya tankaɗe, ya zana filin nan kaf shi kaɗai a cikin rana, a sunkuye, da gwiwar da ba ta da lafiya. Abu ɗaya ya bari bai zana ba, zagayen tsakiya. Ya kafa turke a tsakiyar fili, ya ɗaura igiya, ya ajiye gwangwanin a wurin. Kafin azahar gwiwar ta kumbura suntum. Koci ya duba ya girgiza kai, ya cire sunansa daga masu bugawa.

Labaran shi ne ya karanta duk sunayen da aka karanta a filin nan shekara shida. Ya yi wa iyayen kowa kirari. Sai ga shi tasa mahaifiyar ta rasu kwana huɗu bayan an kafa dokar, ba ta samu ko kalma ɗaya ba, kuma abin na cin sa a rai. Da labari ya bazu cewa an samu minti ɗaya, sai takardu suka fara zuwa. Kafin ƙarfe huɗu yana riƙe da suna tara. Shugaban ƙungiya da kansa ya hau rumfar lasifika ya dafa kafaɗarsa.

“Ka karanta su da sauri, za su shiga,” in ji shi. “Ka sa Hajiyarku a farko. Wa ya fi ka haƙƙi?”

Labaran ya dubi takardun, ya dubi gwangwanin can a tsakiyar fili. Ya san da zarar ya buɗe baki da suna ɗaya, mai rake zai ci gaba da cinikinsa. Ya ninke takardun ya sa a aljihu, ya miƙa hannu ya zare wayar lasifikar. Ko sunan Nomau bai faɗa ba.

Inna Tasalla ba ta ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Tana zaune a tabarma gindin katanga da carbi a hannu, tana jin hayaniyar da ta saba ji: ganguna, ƙahonni, masu talla, gardama. Ta ji usur ɗaya. Ta jira muryar Labaran, ba ta ji ba. Ranta ya ɓaci, ta ce a zuciyarta an hana ke nan. Sai ta ji gangar ɓangaren gabas ta tsaya. Ta yamma ma ta tsaya, wadda baƙi suka zo da ita. Hayaniyar ta yi ta janyewa kamar ruwan sama in zai ɗauke, har ta ji kazarta na tono a bayan murhu.

Can sai ta ji ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Ɗanliti ne ya ɗingiso ya kama bakin igiya yana zagayawa, yana buga gwangwanin, toka na zuba, mutum dubu uku a tsaye suna kallo, na gida da baƙi, kowa leɓensa na motsi. Ita dai sautin take ji. Shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa jin sa da la'asar ba. Har ta yunƙura za ta ɗora wa Nomau ruwan wanka kamar yadda ta saba, sannan ta tuna. Ta koma ta zauna, hawaye na bin fuskarta, ba ta share ba. Daɗi da baƙin ciki suka haɗe mata wuri ɗaya. Zagaye ya haɗe saura daƙiƙa uku a agogon alƙali, ya busa usur, fili ya sake ɓarkewa.

Kada ku dame ni da tambayar wa ya ci. Kunnen doki aka yi, ɗaya da ɗaya, kuma ya ishe su zama a rukuninsu. Ɗanliti a benci ya kalli wasansa na ƙarshe, wandonsa fari fat da toka, ba wanda ya tuna ya tafa masa. Labaran kuwa a ranar aka karɓe lasifikar aka ba wani, 'yan uwan mahaifiyarsa kuma suka ce ya samu dama ya wulaƙanta ta. Sagiru har yau akwai layin da ba ya bi a garin.

To ga inda gardamar take. Akwai abin da Tasalla ba ta gaya musu ba ranar da suka zo. A ƙarƙashin gadon Nomau akwai ƙwallon farko da aka kafa ƙungiyar da ita, ta fata, mai ɗinkin hannu, wadda shugabannin ƙungiya uku suka nema ya hana su. Daren jajibirin rasuwarsa ya ce mata, “In filin nan ya yi mini shiru, ki ba wanda ya sa ya yi. Mutum ɗaya, kada ki ba ƙungiya, za su jefa ta a sito.”

Ranar sadakar arba'in ta sa aka kira su. Kafin su zo, mata sun riga sun cika mata kunne. Matar Sagiru ta ce ba don mijinta ba da babu mintin ma balle a yi shiru a cikinsa, in kuwa an yi da ƙarfi, da ƙungiya ta faɗi an riƙa tsine wa sunan Baba. Matar Ɗanliti ta ce minti nawa aka ba mutanen nan a baya suka cinye da rake, ai gwangwanin ne ya rufe musu baki. Ƙanwar Labaran ta ce da yayanta ya karanta suna tara, wa zai ji gwangwani, kuma wa zai gama a minti ɗaya?

Su ukun suka zo suka durƙusa inda suka durƙusa da farko. Kowannensu ya ga ƙwallon ta ƙasan labule, kuma kowannensu yana son ta har ransa. Inna Tasalla na zaune da ita a cinya, tana shafa ɗinkin da yatsa. Wasiyya ce, ba ta da ikon ajiyewa, ba ta da ikon rabawa uku.

Ɗaya ya taka maganarsa ya jingina makomarsa. Ɗaya ya ba da ranar da ya shekara goma sha huɗu yana jira. Ɗaya ya haɗiye sunan uwar da ta haife shi. To, ku da kuka iya gardama, hannun wa Inna Tasalla za ta miƙa wa ƙwallon nan?