Bangon Da Ya Fi Na Kowa Kyau A Sunke

Akwai wata mata a garin Anka mai suna Zaliha, 'yar asalin Sunke. Ita da mijinta Makau, ɗan kabu-kabu, suna zaune a wani gidan haya mai ɗaki huɗu. Shekararsu goma sha biyu a gidan, amma in ka leƙa ɗakinta sai ka rantse jiya suka sauka. Katifa, tabarma, buta, sai ƙusa guda da Makau ke rataye hula. Kayan jerenta suna ɗaure cikin buhu a lungu, ba a taɓa kwance su ba.

Zaliha ba ta faɗa da kowa, ba ta kuma hira da kowa. In an yi haihuwa ta ce Allah ya raya, in an yi mutuwa ta ce Allah ya jiƙa, duk da murya iri ɗaya. Matan gidan sun san ta taɓa rasa ɗiya a ƙauye lokacin gubar dalma. Iyakar abin da suka sani ke nan.

Ƙofar da ke kallon tata ta Rahina ce, matar Sharu, wanda ke aiki wajen masu wankin zinari. Yarinya ce mai hannu, wannan ba zan ƙwace mata ba. Sai dai bakinta ya fi hannun sauri. Tana da ɗiya guda, Hafiza, 'yar wata tara, ta fara rarrafe.

Azumi ya kai ashirin, kun dai san halin mata in Sallah ta ƙarato. Bana abin hannu ya yi wuya, sai Rahina ta ci alwashin ba za ta sayi ko allura ba, kuma ɗakinta sai ya fi na kowa.

Ta farke tsohuwar atamfarta ta yi labule. Ta goge langunanta da toka har suna ɗaukar ido. Faya-fayan da innarta ta saƙa mata ta jera su a tsakar gida, tana gwada wanda zai hau sama da wanda zai zauna ƙasa. Mata suka taru suna yabawa, ita kuwa kanta na ƙara girma.

Ta waiwaya ta ga Zaliha zaune a bakin ƙofa tana tsintar shinkafa.

"Inna Zaliha, ke bana ma haka za ki bar ɗakin ga? Kamar na gwauro? Ko tsumma ai a rataya, a san da mace ciki."

Aka yi dariya. Zaliha ta ce, "Haka na," ta ci gaba da tsintarta.

Washegari da hantsi Rahina ta jawo wani buhu daga bayan gadonta. Ta zazzage kaɗan a tasa. Ƙasa ce ja, mai laushi kamar garin tuwo, da rana ta haska ta sai ta riƙa ƙyalli.

"Ku taho ku ga sirrin," in ji ta. "Ragowar wankin zinari ta, maigida yak kawo mini, kyauta. Da ita za ni shafe bango in daɓe ƙasa. Wa ka sayen fenti yana da wagga?"

Hafiza ta rarrafo ta miƙa hannu za ta dumbuza.

Ba wanda ya ga tasowar Zaliha. Sai gani aka yi ta ɗauke yarinyar cak, ta kai ta bakin randa, ta wanke mata hannu da sabulu, yatsa bayan yatsa. Ta miƙa wa uwar, ta ce, "Kada ki shafa ƙasag ga. Ki fid da ita daga ɗaki."

Rahina ta riƙe ƙugu.

"To fa! Wadda ba ta iya gyara nata ba ita za ta koya mini? In hassada ta, Inna, ki faɗi. Mutane nawa ka aiki cikin ƙasag ga kullum, mi yas same su?"

Zaliha ba ta yi fushi ba. Ni ina jin da ta yi fushin ma da ya fi sauƙin gani. Ta shiga ɗaki, matan suna jin ƙarar kwanuka. Buhun nan na shekara goma sha biyu ne take kwancewa. Ta fito da wata 'yar samira, ta buɗe, ta zaro hoton kati guda ta miƙa wa Rahina.

Bango ne ja a hoton, sumul, yana ƙyalli. Faya-fayai a jere, languna a jere. A gindin bangon wata yarinya ce zaune cikin rigar Sallah, yatsunta biyu a baki.

"Ɗakina na, a Sunke," in ji Zaliha. "Ni niy yi shafen da hannuna. Ragowar wanki, kyauta, kamar taki. Duk garin an zo kallo, har mai hoto anka kira. An ce ba a taɓa bango irin nawa ba."

Tana magana kamar mai faɗin farashin gero.

"Waccan ɗiyata ta, Basma. Tana son lasar bango, mu ko muna dariya. Hoton ran ƙaramar Sallah na. Ba ta ga ta layya ba."

Wata ta ce innalillahi a hankali.

"Mutane sun ce injin niƙan dutsen zinari na, sun ce turmi na, sun ce iska ta kawo. Ko wane ne, Allah ya sani. Ni dai na san abin da nis shafa ma ɗakin da take kwana. Ban taɓa faɗa ma kowa ba, sai yau."

Ta karɓi hotonta, ta mayar cikin samira, ta rufe. Ta koma bakin ƙofarta ta ɗauki faifan shinkafa.

Rahina ta dubi tasar, ta dubi Hafiza. Kwana goma sha ɗaya buhun nan yana bayan gado, daidai inda yarinyar ke wasa. Ta zauna a ƙasa.

Ranar ko girkin buɗa-baki ba ta yi ba. Ta goya ɗiyarta ta nufi wajen Madam Martha, wata ma'aikaciyar lafiya da ke bayan layinsu. Martha ta sa aka kai yarinyar aka auna jininta. An sami dalmar, amma ba ta yi yawa ba. Aka ce a riƙa kawo ta ana dubawa, a goge ɗakin da jiƙaƙƙen tsumma, kada a share shi a bushe, kuma Sharu ya riƙa wanka da sauya tufa kafin ya shigo gida.

Sharu ya ɗaure buhun a bayan babur ya mayar inda ya ɗebo shi. Bai iya haɗa ido da kowa ba.

Ana jibi Sallah, Rahina ta yi sallama a ƙofar Zaliha, da bokitin farar ƙasa da ta aro wajen maƙwabta. Ta durƙusa.

"Inna, ki yafe mini. Bakina yaj ja mini."

"Ba komi."

"Ki bar ni in gyara miki ɗaki. Da kayanki, ba na kowa ba."

Zaliha ta dubi buhun da ta bari a buɗe. Ta ce, "In kina so."

Rahina ta shafe bangon fari tas. Ta wanke langunan, wasu sun yi tsatsa a gindi, ta juya wajen tsatsar ya kalli bango. Faya-fayan da asu bai ci ba guda biyar ne, ta kafa su. Wani tsohon zanen saƙi ta shimfiɗa a kan katifa. Zaliha na zaune tana kallo, ba ta ce ya yi kyau ba, ba ta ce bai yi ba. Samirar hoton kaɗai ta ce a bar mata a inda take.

Makau ya dawo da yamma, ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu. Ya daɗe bai shiga ba.

Ran Sallah da safe mata suka leƙa ɗakin Rahina suka yaba, suka leƙa na Zaliha suka yaba. Ta amsa musu da muryar nan tata ta kullum.

Can sai ga Hafiza ta rarrafo daga ɗakin uwarta, cikin sabuwar riga, ta haye dokin ƙofar Zaliha. Ta dafa farin bangon ta miƙe tsaye, karo na farko a rayuwarta. Sannan ta kai hannun baki.

Zaliha ta riƙe hannun kafin ya isa. Ta san farar ƙasa ce, ta san ba komai a cikinta. Duk da haka ta jawo buta ta wanke shi, yatsa bayan yatsa. Ta gama wankewa, ta goge da gefen zanenta.

Rahina ta zo ɗaukar ɗiyarta, ta tarar har yanzu Zaliha ba ta saki hannun ba. Sai ta juya a hankali, ta bar mata ita.

Darasi: Gyara ɗaki da abin da kike da shi dabara ce mai kyau, amma ba duk abin da aka samu kyauta ake shigarwa inda yara ke rarrafe ba. Ƙasar wanki, buhun dutse da tufafin aikin zinari, a bar su can wajen aiki. Kuma in kin ga ɗakin wata babu ado, ki riƙe bakinki, ba ki san abin da ya sauke mata kayan jere ba. Ku tura wannan ga 'yan uwa kafin a fara shafen Sallah, wataƙila akwai buhu a bayan gadon wata.