Mota Mai Ɗaki a Kan Dutsen Shanya

Akwai wata baiwar Allah mai suna Indo a wani ƙauye da ke gindin duwatsu, ta wajen Zermu. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara da 'yar gona guda. Wallahi tun da na ji labarin nan raina bai huce ba.

Bayan an gama girbi, wani ruwa ya sauko ba zato ya jiƙa damman geronta. Ta kwance su kaf, ta kai kan shimfiɗaɗɗen dutsen da ke bayan gari, inda matan ƙauyen ke shanya tun kaka da kakanni. Abin da ta baje ɗin nan shi ne abincin yaranta har wata daminar.

A makon ne Alkasum ɗan Hajiya Balki ya zo hutu daga Yamai, inda yake aiki a wani babban biro, wato ofis. Ya zo da wata farar mota mai ɗaki, da gado da murhu da ban ɗaki duk a cikinta. Bai sauka gidan uwarsa ba. Wai shi da matarsa Safiya da 'yarsu Rahina iskar duwatsu suka zo sha.

Ya hau dutsen shanya da motar, ya tsaya a sama, geron Indo yana gangare.

Da la'asar maza suka kewaye shi, yana ta zuba. Ya ce a Turai, lokacin da ya je staj na ƙaro sanin aiki, mutane kan kwana cikin irin motar nan a sansanonin da ke kan tsaunuka. Ya ce kowane sansani da raminsa na zubar da ƙazantar mota, wanda ya zuba a ƙasa kuwa sai ya gamu da hukuma.

Kun ji dai, da bakinsa ya faɗa. Ba rashin sani ba ne.

Da tankin ban ɗakin ya cika, sai gogan naku ya ga sauka da mota zuwa daji wahala ce. Ya ja tiyo, ya buɗe, ya koma ciki ya kunna rediyo.

Indo ta zo da hantsi za ta juya shanya. Warin ne ya fara tarbar ta. Baƙin ruwa ya gangaro ya ratsa geron daga wannan gefe zuwa wancan, ƙudaje sun yi dafifi a kai. Ta dafe ƙirji ta yi salati.

Ta buga ƙofar motar. "Alkasum, fito ka ga abin da ka yi mini!"

Ya leƙo da kofin shayi a hannu, ya yatsine fuska. "Haba Yaya Indo, wannan ne abin ɗaga murya? Ai yawancinsa ruwa ne. Ki wanke, ki shanya, ku ci abinku."

"In wanke? Abin da ya fito daga cikinku?"

"To da can me kuke ci? Ku da kuke shanya inda awaki ke bi."

Ya rufe ƙofarsa. Jama'a, wannan wace irin zuciya ce? Mutumin da aka yaye da kunun geron da aka shanya a kan dutsen nan!

Indo ta nufi gidan mai gari Suma'ila. Ya saurare ta yana sosa ƙeya. Alkasum ya yi alkawarin haƙa wa gari rijiyar foraj, wato burtsatse, shi kuwa mai gari ba ya son abin da zai taɓa alkawarin.

"Ki yi haƙuri, Indo," in ji shi. "Baƙo ne, kuma ɗanmu ne. Ki gwada wankewar, rana tana kashe komai."

Nan ne ta ji abin ya fi yi mata ciwo. Ta fito. Ta shiga wajen maƙwabciyarta Gambo ta sha kukanta, sannan ta share ido ta ɗaura zane.

A garin nan, idan baƙo ya sauka, kowane gida yakan aika masa da kwano. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Alkasum ya buɗe rumfar motarsa ya jera kujeru, mai gari da dattawa suka zo shan shayi. Hajiya Balki ma an kawo ta, ita da ba wanda ya yi ƙarfin halin gaya mata komai.

Sai ga Indo da kwanonta a ka. Ta durƙusa, ta gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye a gaban Alkasum ta buɗe. Tuwon gero ne da miyar kuka, yana tururi.

"Na bi shawararka, ɗan'uwana," ta ce. "Bismilla."

Alkasum ya yi 'yar dariyar yaƙe, ya ce ya ƙoshi.

"Loma ɗaya dai. Mai gari, kai ma sa hannu, rana ta kashe komai."

Mai gari ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Rahina kuwa, yarinya ba ta san dawan garin ba. Ta ji ƙamshin daddawa, ta rugo ta tsoma hannu ta yanko loma. Alkasum ya yi tsalle har kujera ta kife, ya cafke hannunta ya kakkaɓe tuwon.

"Kar ki ci! Ƙazanta ce! Safiya, kawo sabulu!"

Hajiya Balki ta ɗago. "Wace ƙazanta?"

Gambo ce ta zayyana mata komai daga bakin rumfa, ba ta rage ko kalma ba. Tsohuwa ta dubi ɗanta har ya rasa inda zai sa idonsa.

"Kai, ashe najasa ka zuba wa marayu a abinci, ka ce su ci?" in ji ta. "Yau ɗin nan za a buɗe rumbun gidanmu. Kai za ka ɗauki damman da kanka har ƙofar Indo. In ka gama, ka sauke akwatin nan naka daga dutsen mutane, ka wanke dutsen da hannunka. In ka ƙi, ka koma Yamai, kar ka sake sallama a gidana."

"Hajiya, a gaban mutane…"

"A ɓoye ka yi mata?"

Rahina tana ta kuka, an murɗe mata hannu kuma an hana ta tuwo.

Indo ta matsa ta jawo yarinyar kan cinyarta, ta share mata hawaye da gefen mayafi. Ta yanki loma ta ci a gaban kowa, ta sake yankar wata ta kai bakin Rahina. Alkasum ya yunƙura zai hana.

"Zauna," in ji Indo. "Geron Gambo ne, ita ta auno mini. Wanda ka ɓata na haƙa rami na binne tun ranar. Ni ba na ba ɗan kowa ƙazanta, Alkasum, ko da ubansa ya ce in ba nawa."

Yarinyar ta haɗiye, ta sake buɗe baki.

Darasi: Abin da ba za ka yarda ya shiga bakin ɗanka ba, kada ka ce ɗan wani ya ci. Duk inda ka je shan iska gidan wasu ne, abincinsu da ruwansu suna nan, ka kwashe dattinka ka tafi da shi. Ku kuma manya, kada alkawarin mai hali ya sa ku ce wa wanda aka zalunta ya yi shiru. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu zuwa ƙauye hutu.