Ƙayar Bagudu

Sarki Nomau na Birnin Tsamiya, giwa mai tafiyar ƙasaita, bango madafar bayi, yana da 'ya'ya biyu: Bagudu babba, jarumi mai zafin zuciya, da ƙanensa Mantau, gwanin lissafi, wanda uban ba ya yanke shawara sai ya ji ta bakinsa. Wannan fifiko ya ci ran Bagudu kamar gara a azara, har ya karɓo wata tsafaffiyar ƙaya wurin Durmusu Sarkin Aljanu, ya binne a lambun ƙanen.

Ashe kowace ƙaya uku take komawa kullum. Ɗaya ta zama uku, uku ta zama tara, tara ashirin da bakwai, ta cinye lambu, ta rufe rijiyoyi, ta doshi fada. Mantau ya lissafa ya ce, "Ranka ya daɗe, kafin sabon wata babu wurin shimfiɗa buzu a garin nan." Ya ɗaura sirdi ya nufi wurin Durmusu, don ya san irin wannan tsafi sai Sarkin Aljanu. Bagudu kuwa ya bi sawunsa, don kada yabo ya sake tsallake shi.

Suka keta dazuzzuka baƙaƙe ƙirin, har fadar Durmusu mai ginshiƙan tagulla. Aljanin ya nuna wani dutse mai layi a tsakiya, ya ce, "Ya ku bil'adama, a sama an rubuta ƙaya sau ƙaya, a tara da ƙaya uku. A ƙasa, ƙaya a tara da uku. Na sama ake rabawa da na ƙasa. Wanda ya taƙaita shi ya ceci garinku."

Bagudu ya yi wuf ya ce, "Ni ne babba!" Ya soke ukun sama da ukun ƙasa da takobi. Nan take ƙafafunsa suka zama dutse.

Mantau ya durƙusa ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ba a soke abin da aka tara, sai abin da aka ninka. Na saman nan ƙaya ce sau ƙaya-da-uku. Ƙaya-da-ukun sama ta tafi da ta ƙasa, saura ƙaya kawai."

Dutsen ya tsage, kurmin ƙaya duk ya koma ƙwaya ɗaya a tafin Durmusu. Ya ce, "Roƙi ladanka."

"Ƙafafun yayana," in ji Mantau.

Da suka komo, Sarki Nomau ya yi murabus, ya umarci Bagudu ya naɗa wa ƙanensa rawani da hannunsa. Ya naɗa, kansa a sunkuye. Ko nadama ce ko sauran hassada, Allah kaɗai masanin zukata.