Gishirin Barmo a Ƙofar Taskar Sarki

A cikin tsofaffin littattafan da marigayi maigidana ya bari na sami wannan labari. An ce a wani birni akwai taskar sarki inda fatake ke ajiyar kaya. Ba a shiga sai mai ƙofa ya yi tambayoyi, an daidaita a kan kowace amsa.

Wata rana wani falke mai suna Barmo ya iso da raƙuman gishiri, ga hadari ya haɗu a gabas. Mai ƙofa ya tambayi sunansa da garinsa, ya faɗa. Ya ce, "Raƙuma nawa za su riƙa shiga a tare?"

Barmo ya dubi sama, ya ce, "Duka."

Mai ƙofa ya ja ƙyaure ya rufe, bai ce uffan ba.

Barmo ya ruga fada, ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, in ruwan nan ya sauko, dukiyata ta zama romo."

Sarki ya dubi Waziri. Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, dokar tana da asali. A zamanin kakanka wani falke ya ba da irin amsar nan. Mai ƙofa ya ji nauyinsa, ya ƙudurta a ransa raƙuma ukun da zaure ke ɗauka ake nufi, ya buɗe. Falke kuwa ya koro garkensa gaba ɗaya, zaure ya rufta. Tun ranar, amsar da ta saɓa ƙa'ida rufe ƙofa ce."

Sarki ya ce, "Falke, a buɗe a yi ɓarna, a rufe a cuce ka. Ina mafita?"

Barmo ya ji tsawa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, kada mai ƙofa ya yi mini zato, kada kuma ya yi mini shiru. Ya ce, 'Wannan amsa ban karɓa ba, ga iyakar da zaure ke ɗauka, sake faɗa.' In na kafe, ya rufe, ya gaya mini dalili."

Sarki ya yi dariya, ya ce, "Waziri, ashe baki kawai muka hana mai ƙofa."

Aka koma, aka sake tambaya, Barmo ya ce uku. Raƙumin ƙarshe na shigewa yayyafi ya soma. Barmo ya zauna a zaure ya sauke ajiyar zuciya. Sarki ya aiko masa da alkyabba, aka mai da maganarsa doka.

Wanda ya zo maka da amsar da ba ta yiwuwa, kada ka gyara masa a ɓoye. Nuna masa inda ya kuskure, ka jira ya sake.