Ilimin da Raghothama Ya Ɓoye wa Manhaja

Akwai wani injiniya a birnin Bengaluru mai suna Raghothama Hebbar. Sana'arsa tsara 'yar ƙaramar ƙwaƙwalwar nan ta cikin na'urori, wadda ba ta kai farce girma ba. Shi ke yanke inda kowane sashe zai zauna da hanyar da wuta za ta bi. A kamfaninsu babu mai kama ƙafarsa, shi ma ya san haka.

Sai kamfanin ya ƙudura haɗa manhaja mai aiki da ilimin gwanaye, a zuba mata dokokin da suke bi, ta riƙa fitar da tsarin da kanta. Aka ɗora aikin a wuyan Shailaja, injiniyar da ta daɗe a ƙarƙashinsa, har tana kiransa Anna, wato Yaya.

Kullum takan zo da kofi biyu ta zauna gabansa.

"Anna, me ya sa ka raba waɗannan sassan biyu?"

"Haka na ga dama," in ji shi yana dariya. "Ki tambayi manhajarki mana, ba ita ce sabuwar malama ba?"

"Don Allah ka bar wasa. Ni ban san abin da ka sani ba."

Ya ba ta dokoki da yawa, amma ya riƙe muhimmai, musamman na hana na'ura ɗaukar zafi. A ransa ya ce bari manhajar ta yi tuntuɓe, su dawo suna roƙonsa.

Aikin farko da manhajar ta tsara na na'urar taimaka wa ji ne, irin wadda ake maƙalawa a kunne. Aka aika masana'anta, aka jira watanni. Da kayan suka dawo, sai ga su suna ɗaukar zafi har ba a iya sa su a kunnen mutum.

Ba wanda ya zo roƙonsa. Waɗanda suka ba da aikin suka janye, kamfanin ya rufe sashen su Raghothama gaba ɗaya. Aka sallami Shailaja da sunan sakaci, aka sallami abokan aikinta, shi kuma aka ba shi ritaya.

Ya yi ta shirin kiranta ya faɗa mata gaskiya, yau ne gobe ne, kunya na hana shi. Ana haka ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, bakinsa ya mutu.

Shailaja ta je duba shi. Lokacin ta koma koyar da lissafi a wata makarantar unguwa. Yana ganinta ya kama hannunta, yana ta fitar da sautin da ba ya zama kalma.

Matarsa Vasudha ta ce, "Tun da ya ji za ki zo yake ƙoƙarin nan. Mun kasa ganewa."

Shailaja ta gyara masa matashi ta ce, "Bar wahalar da kanka, Anna. Na gano dokar zafin daga baya, ni kaɗai. Na kuma gane ka san ta tun farko. Da ka faɗa mini lokacin, da duk muna can bakin aikinmu."

Hawaye suka gangaro masa. Ta share masa da gefen sarinta, wato zanen da ta yafa, ta yi wa Vasudha sallama ta tafi.

Darasi: Ilimin da ka ɓoye don a riƙa nemanka ba zai tsare ka ba, sai dai ya cuci waɗanda suka amince da kai. Ka koyar tun kana da baki, ka nemi gafara tun ana jin muryarka. Ku tura wa wasu, wataƙila wani ya saki abin da ya riƙe.